Wandon jins ɗin da zan saro a kakar bana

Sana'ata sayar da wandon jins ce, sabo da na gwanjo, da kuma gyaransa. Shagona yana garinmu, nan kusa da Gujungu a ƙasar Taura, da keken ɗinki biyu da yaran da ke taya ni. Ranar Lahadi muna baje kaya a kasuwar Gujungu, Litinin mu nufi Shuwarin, Alhamis kuma idan hali ya yi mu leƙa Maigatari. Sari a Kano nake yi, gwanjo a Ƙofar Wambai, sabo kuma a nan Wambai ɗin ko a Sabon Gari.

Wanda bai shiga harkar ba yana ganin wahalarta ita ce dakon kaya da jan ciniki. Ba nan take ba. Wahalar ita ce sai ka sayi kayan tun kafin ka san ko za a so su. Kuɗin mutanenmu da kaka yake shigowa, idan an sayar da riɗi da zoɓo da gyaɗa, sai kuma gab da salla. Ke nan tun amfanin gona yana tsaye zan zuba jarina, in saro abin da nake kyautata zaton samari za su nema nan da wata biyu ko uku. In an dace, kaya su ƙare kafin hunturu ya fita. In ba a dace ba su yi kwantai, jari ya ɗaure har wata kakar. Mai shago a birni yana iya mayar wa dila kaya gobe da safe ya canzo wasu. Mu nan kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ribar.

Abokan sana'a da dama waya suke bi, su ga abin da ake sawa a TikTok su je su saro irinsa. Ni ma ina dubawa, amma inda na fi samun labarin gaskiya shi ne kan keken ɗinkina. Mutum zai iya yaba wando da baki alhali ba zai taɓa saye ba. Amma wanda ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya ce a canza masa fasalin wandon da ya riga ya mallaka, wannan ya gaya maka abin da zuciyarsa take so, kuma shi zai nema idan ya tashi sayen na gaba.

Shekaru da dama aikinmu iri ɗaya ne. Yaro zai shigo da wando a leda ya ce, “Maigida, a matse min shi, a mai da shi fensir.” Mu farke daga gwiwa zuwa idon sawu, mu rage, mu sake ragewa, har sai ƙafa ta shiga da ƙyar. Akwai waɗanda sai sun sa leda a ƙafa sannan wandon yake wucewa. Bayan korona sai wannan aiki ya fara ja da baya a hankali. Daga nan kuma wata sabuwar magana ta soma shigowa shagon: “Ƙugun kawai za a rage, don Allah kar a taɓa ƙafar.” Ka auna yaron ka ga ƙugunsa 30, wandon da ya kawo kuma 36 ne ko 38. Da gangan ya sayi babba. A lokacin ko mutum ɗaya bai zo kasuwar Gujungu ya tambaye ni bagi, wato wando mai faɗin ƙafa, da sunansa ba, amma keke ya riga ya shaida min fensir ya kama hanyar fita.

Wannan ya juya min lissafin dila, wato ƙunshin gwanjo, gaba ɗaya. Duk dilar gwanjo da ka fasa za ka tarar da manyan lambobi, 36 da 38 har 40, domin masu kayan na asali a Turai da Amurka sun fi samarinmu jiki. Da can su ne nauyin dila, su ake bari ƙarshe a karyar da su. Yanzu su nake fara warewa. Rage ƙugu ta ɗinkin baya aiki ne mai son nutsuwa: sai ka cire madaurin bel na tsakiya, ka farke ƙugun, ka rage daidai ta ɓangare biyu don kada aljihunan baya su haɗe, sannan ka mayar da komai da zare mai kauri ruwan ɗorawa irin na asali. Allura lamba 16 ko 18 ake sawa, ƙasa da haka karyewa take a mahaɗar ɗinki. Idan aka yi shi da kyau, wandon da ba mai kallonsa jiya ya zama na gaban rumfa.

Dila tana da nata labarin, sai dai labarin abin da ya wuce ne. Idan ka fasa ka ga ta cika da fensir masu roba, wasu kamar ba a taɓa sawa ba, to masu su a can sun yar da yayin ke nan, ba tsufa wandunan suka yi ba. Nan ne sabon ɗan kasuwa yake faɗawa, ya ga kaya masu kyau da araha ya kwasa. Ina jin tausayin yaran da ke shigowa sana'ar da ɗan jarin da suka haɗa daga ci-rani, domin ba mai gaya musu cewa arahar da suke gani alama ce ta kayan da kasuwarsu ke mutuwa.

'Yan ci-rani kuwa su ne masu ɗauko yayi a jikinsu. Idan damina ta kawo kai, ko salla ta matso, suna dawowa daga Legas da Fatakwal da Abuja. Ba duka nake kallo ba. A kowane gari akwai samari biyu ko uku da sauran ke koyi da su, kuma na san na garinmu da na ƙauyukan da ke kewaye. Abin da suka sa ranar ɗaurin aure da yamma, bayan an cire manyan kaya, shi ƙannensu za su zo nema.

Sai dai ba duk abin da ya taso daga birni ne yake zama a ƙauye ba, kuma a nan ne sanin gida yake amfani. Wandon da zai zauna a wurinmu dole a iya salla da shi. Wanda ƙugunsa ya yi ƙasa, da an yi sujada baya ya buɗe, ba ya daɗewa. Kirezi, wato mai yage-yagen nan, ya yi ɗan tashe, amma al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, yagar kuma sau da yawa a cinya take. Ƙarshensa wurinmu ake kawo shi mu yi masa faci ta ciki. Na sha ganin uba ya rako ɗansa rumfa, yaron ya ɗauko irin wannan, dattijon ya dube ni ya ce, “Malam, ba shi na mutunci.” Ni ma na fi son in sayar da na mutuncin, domin gobe da wannan dattijo zan haɗu a sahu.

Bayan salla sai babur. Rabin masu sayen kayana a kan babur suke wuni, ko suna haya ko suna kai kaya kasuwa. Bagi mai faɗin gaske, irin wanda ke share ƙasa, sarƙa tana kama shi, salansa tana ƙona shi, da damina kuma ya kwashi taɓo. Ɗalibai da ke karatu a Dutse ko Kano za su saya, amma su kaɗan ne. Ga kuma zafin bazara, wanda shi ne babban abin da ya sa matsattsen wando bai taɓa yi wa jikin mutanenmu daɗi ba ko a lokacin da ake yayinsa.

Don haka abin da nake hange, kuma a kansa zan sa mafi yawan kuɗina, shi ne miƙaƙƙen wando mai sakin cinya, wanda faɗinsa daga gwiwa zuwa ƙasa bai canza ba, ƙugunsa a sama, tsawonsa ya tsaya a idon sawu. Yana da isasshen faɗin da yaro zai ji ya shiga yayi, bai kuma kai wanda za a yi masa faɗa a gida ba. Na biyu shi ne kago, mai aljihu a gefen cinya. Wannan buƙata ce ta riƙe shi ba ado kaɗai ba: mai POS da mai cajin waya da ɗan acaɓa duk suna son inda za su zuba waya biyu da kuɗi su rufe. A launi kuma baƙi da shuɗi mai duhu ba za su gushe ba. Mai haske da aka koɗar shi ake yayi a birni, zan kawo kaɗan don yawon salla, amma ƙurar hunturu ba ta barinsa ya kwana biyu da kyansa.

Abin da ya fi faranta min rai a wannan sauyi shi ne komawa auduga zalla. Yawancin fensir ana saka masa roba a cikin saƙar, ko da kashi 1 ko 2 cikin ɗari ne. Ranarmu da dutsen guga na gawayi suna kashe robar nan da wuri, sai ka ga gwiwa ta yi jaka, cinya ta yi tamoji, kuma ba gyaran da tela zai yi masa. Na auduga kuwa yana tsufa ne da kyau. Asalinsa ma kayan aiki ne. Wani tela ne a garin Reno na Amurka, Jacob Davis, ya ga aljihunan leburori suna yawan yagewa, ya soma buga musu ƙusoshin jan ƙarfe a kusurwa. Shi da ɗan kasuwar da ke sayar masa da yadi a San Francisco, Levi Strauss, suka yi rajistar dabarar ranar 20 ga Mayu, 1873. Ina son wannan tarihi domin daga teburin tela abin ya fito, daga sauraren kukan masu kawo gyara.

Rinin ma ba baƙonmu ba ne. Launin baba ne, irin wanda aka san marinar Ƙofar Mata da garin Kura da shi, sai dai tun 1897 da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da na haɗi, masana'antu suka koma kansa. Zaren tsaye kawai ake rinawa, na kwance a bar shi fari, shi ya sa cikin wandon ya fi bayansa haske. Kuma rinin a bayan zaren yake tsayawa, bai ratsa cikinsa ba, don haka duk inda ake gogawa sai ya yi fari. Wajen sarin sabo, wanda yawancinsa daga Sin yake zuwa, wani daga Turkiyya, wani kuma ɗinkin Aba, ina jiƙa farin ƙyalle in goga. Zuba kaɗan ba laifi ba ne. Wanda ya mayar da ƙyallen shuɗi sharkaf, shi zai ɓata wa mai shi farar riga da kujerar babur. Sannan in juya cikinsa in duba ɗinkin tsakanin ƙafafu, in ja zif sau da yawa. Tambarin da aka liƙa a baya shi ne abu na ƙarshe da nake kallo.

Tsadar rayuwa ita ma ta shiga cikin hasashen. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin dila da na mota suka tashi tare. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya rage mana baƙin Maigatari har zuwa Maris ɗin 2024 da aka buɗe. Wanda da yake ɗaukar wando biyu da kaka yanzu ɗaya yake iya saye, kuma yana son ɗayan nan ya je da shi kasuwa, ya je zance, ya sa shi a ƙarƙashin riga mai dogon hannu ya shiga masallaci. Mai wando ɗaya ba ya kasada da yayin da zai wuce kafin damina. Wannan ma miƙaƙƙen wandon yake goya wa baya.

Ɓangaren mata a hannun uwargidana yake, cikin gida ake cinikinsa, ita da dillaliyar da ke shiga gidaje. Amare suna saye don sawa a ɗakunansu, masu haɗa lefe ma suna sa ƙananan kaya a akwati. Abin da take gaya min ya yi daidai da na rumfa: an bar matsattse, ana neman falazo na jins, mai faɗin ƙafa sosai, da dogon siket. Na yara ƙanana kuwa ba ya kwantai, duk salla sai ya ƙare, kuma duk abin da yayyensu suka sa shi suke nunawa da yatsa.

Fensir ba zan yanke shi gaba ɗaya ba. Akwai magidanta 'yan shekara talatin da ɗoriya da suka yi samartakarsu a cikinsa, ba kuma za su canza ba, zan ajiye musu baƙi da shuɗi mai duhu daidai gwargwado. Akwai kuma wani fasali da na fara gani a wayoyin yara, mai kama cinya ya buɗe daga gwiwa zuwa ƙasa, irin na iyayenmu a shekarun 1970. Rabin dozin zan ɗauko in rataye a gaban rumfa a Gujungu. Idan wani ya kawo tsohon wandonsa ya ce a tsaga gefen ƙafar a ƙara masa ƙyalle, a makon zan kira Alhajin da nake sari a wurinsa in ce ya ajiye min dozin uku.