Araha ba ta ado: garin kalar da ya ja mini asara a Aboabo

Ƙannena masu koyon rini, ina shekara ta biyu da barin gaban maigidana a Aboabo, nan Kumasi, wata Hajiya ta kawo mini farar shadda ta ankon bikin 'yarta, tana son shuɗi mai duhu. Da na shiga kasuwa sai na tsallake kalar gwangwani, na sayi ta awo a leda don ta fi sauƙi. Garin ya dunƙule, yana manne wa cokali. Na gani sarai, na kau da kai.

Shaddar ta fito fayau, da ɗigo-ɗigo inda garin bai narke ba. A wankin farko ruwan baho ya koma shuɗi. Hajiya ta ɗaga ta a rana ta ce, "Ɗana, da wannan zan shiga taro?" Na biya kuɗin yadi, har yau ba ta sake kawo mini aiki ba.

Irin wannan kala, dangin Procion da kamfanin ICI na Ingila ya fitar a 1956, haɗewa take yi da zaren auduga da zarar an zuba soda, wato farin garin nan dangin kanwa. A masana'anta da gishiri ake tsamo ta daga ruwa, shi ya sa gishiri ke biyo ta, wasu kuma su ƙara don nauyi. Wadda aka tace aka rage mata gishirin ta fi ƙarfi, tana narkewa tas. Sannan ga danshi, kun san daminar Kumasi. Kalar da ta daɗe tana shan danshi ta riga ta haɗu da ruwa, ta mutu. Ido zai ga launi, zare ba zai kama ba.

Gishiri dole ne a baho, shi ke tura kala cikin yadi, amma a hannunka awonsa ya kamata ya kasance. Ran da na fara amfani da tatacciya ma na yi kuskure, na zuba tsohon awona, launin ya zarce.

Yanzu kowace sabuwar kala sai na narka kaɗan a kofin gilashi, na duba ko laka ta kwanta. In rina ƙyalle, soda a ƙarshe, in tafasa shi da sabulu, in goga a farin tsumma. In tsumman ya ɗauki launi, kayan mutane ba sa shiga wannan bahon.