Lambar da Na Liƙa wa Baiwar Allah

Ƙannena da kuka shigo aikin sanya wa cututtuka lamba a sashen adana bayanan marasa lafiya, ku matso in ba ku labarin ɓarnar da na yi a shekarata ta farko.

Wani yammaci fayiloli sun taru a gabana, ina sauri in tashi. Na buɗe na wata mata da aka sallama daga ɗakin masu taɓin ƙwaƙwalwa. Rubutun likitan kamar kaza ta yi tonon ƙasa, amma na tsinci abu biyu: tana jin muryoyi, kuma an ɗora ta a kan maganin olanzapine. Ban ƙara buɗe shafi ba. Na buga F20.9, wato sikizofireniya da ba a fayyace nau'inta ba, na rufe.

Bayan wasu watanni ta dawo. Likitan da ya karɓe ta ya ga lambar a kwamfuta, ya karanta fayil ɗin kaf, sannan ya aiko a kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Yatsa kawai ya ɗora a shafin ƙarshe, inda aka rubuta ciwon damuwa mai tsanani haɗe da alamun gushewar hankali. Lambarsa F32.3. Muryoyin nan ce mata suke ba ta da amfani, ita ce silar duk wata masifa a gidansu, irin maganar da ke tafiya da baƙin cikin da take ciki. Da damuwar ta lafa, muryoyin suka yi shiru. Ni kuwa na riga na rataya mata sunan cutar da ake yi wa kallon ta har abada, ya bi ta cikin rahoton asibiti da takardun inshora.

A ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, F20 zuwa F29 gidan sikizofireniya ne da danginta, F30 zuwa F39 kuma na cututtukan yanayin zuciya. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma jin muryoyi yana shiga gidajen biyu, har da na maƙwabta. Wanda wiwi ya birkita wa tunani F12.5 ne. Ruɗewar da zazzaɓi ko wata cutar jiki ta jawo tana F05. Gushewar hankalin da ta faɗo farat ɗaya ta wuce cikin ɗan lokaci tana F23. Sikizofireniya a wannan kundi sai alamun sun kai wata guda. Magani ma ba shaida ba ne, domin olanzapine ɗin da ya yaudare ni ana ba masu baifola, ciwon da ke kai mutum tsakanin zumuɗi da damuwa.

To, kada ku ce daga nan na shiryu. Tsoro ya kai ni wani ramin: na koma fakewa a bayan tara, wato lambar "ba a fayyace ba", komai F29, komai F32.9, don kada a kama ni da laifi. Wannan ragwanci ne sanye da rigar taka-tsantsan. Idan likita ya rubuta ciwon damuwa matsakaici ne, F32.1 na nan. Idan ya ce ciwon ya sha dawowa, F33 ne, ba F32 ba. Idan kuma mutum ya taɓa shiga zumuɗin nan na kwana da kwanaki ba barci, ga surutu ga ɓarnar kuɗi, likita ya rubuta baifola, to damuwarsa ta yau a F31 take zaune.

Ku lura, kullum cewa nake "idan likita ya rubuta". Gano cuta aikinsa ne, namu fassara abin da ya gano zuwa lamba. Inda rubutunsa bai karantu ba, ko shafi biyu suka saɓa, ku ɗauki fayil ku bi shi ku ce, "Likita, wanne ne a nan?" Wani zai ɗaure fuska, ku jure.

Sabon kundin, ICD-11, ya fara aiki a 2022, inda sikizofireniya ta koma 6A20, damuwa ta karon farko kuma 6A70, amma wurare da yawa suna kan tsohon kundin, don haka ku fara tambayar wanne ake bi a inda kuke. Ita dai lambar baiwar Allah nan na gyara ta ranar da aka kira ni. Takardun da suka riga suka fita da F20.9 ne ban iya dawo da su ba.