Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Aiken Kurmi

A makon jiya mun tsaya a ranar da Baffa ya kai ni makarantar allo. Yau kasuwar Kurmi ta birnin Kano za mu shiga.

A Koki gidanmu yake, don haka tun ina ɗan shekara tara aiken Kurmi ya faɗo kaina. Inna ta ƙulle mini kuɗin a tsumma, ta ja kunnena: "Saura ka tsaya kallon gardawa da kurarsu." Kullum sai na tsaya.

Lungunan nan ba su da faɗi. Idan jakin itace ya shigo, dole ka manne da katanga har ya wuce, rigarka ta kwashi jar ƙasa. A zauruka dattawa na ɗinkin hula, kai kuwa ba ka isa ka gifta ba ka durƙusa ba. Kafin ka ga Jakara, ƙoramar da ta ratsa birni, hancinka ya riga ya gaya maka ka iso. Yanzu an rufe ta an shimfiɗa titi a kai, yaran yau ba su san wancan warin ba, kuma ban ce sun yi asara ba.

Malaminmu kan ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau sarauta a 1463, ake cin Kurmi. Ni dai da hanci da kunne na san ta. Ƙamshin sandal ya kai ka wurin 'yan turare, warin jima ya kai ka wurin dukawa, sai ga sirdi da linzami a rataye. Can kuma masu bugu na dukan baƙin rawani har ya yi ƙyalli, Buzaye na tsaye suna jira.

Amma rumfar wani tsoho mai goro ita ce tawa. Wurinsa Baffa ke karɓar ƙwarya, goro ɗari ke nan, a nannaɗe cikin ganye, a biya ranar Juma'a. Ba ya rubutu. Gawayi yake ja a jikin bango, kowane gida da layinsa, kuma ban taɓa jin an yi musu da shi ba.

Da aka canja kuɗi a Janairun 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Na miƙa masa sabuwar naira ina taƙama. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Yaro, sule nawa ce wannan?" Na ce, "Goma, Baba." Ya goge zane goma da babban yatsa. Har ya bar duniya da sule da sisi yake lissafi.

Ranar ce kuma na zubar da canjin Inna a wurin kallon kura. Yadda muka ƙare da Inna sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.