Tayoyin bayan taraktar lambuna

Shekara biyu ina fama da ƙaya. Kusan duk shigar da zan yi lambu da ƙaramar tarakta, sai na fito da taya ɗaya a kwance, faci kan faci har na gaji. Daga ƙarshe na sauya tayoyin baya duka biyu.

Lambar jikin tsohuwar 23x10.50-12 ce, wato tsayi inci 23, faɗi inci 10 da rabi, rim inci 12. Wajen zaɓen zanen bayan taya na daɗe ina juya abin. Mai ƙananan zane ba ta ɓata ciyawa, amma da ƙasa ta jiƙe sai ta riƙa juyi wuri ɗaya. Ni kuwa jan kaya nake yi, don haka na ɗauki mai manyan haƙora.

Sai batun cikon kumfa, wanda na kai sababbin tayoyin aka yi musu a madadin iska saboda ƙaya. Sunan kawai ne kumfa, ruwa ne mai kauri na foliyuretan da ake ɗurawa ta bawul har ya kori iska, ya kwana ɗaya ko biyu ya daskare kamar roba. Da na je ɗauka, wallahi taya ɗaya ta gagare ni ɗagawa ni kaɗai. Nauyin nan ne ya sa yanzu take kama ƙasa a gangare.

Amma fa ta yi tauri, kowane dutse ina jinsa a ƙuguna, kuma ranar da ta cinye sai an yanke ta daga rim. Jiya na ga ƙusa a jikinta, na zare da filaya na ci gaba da aikina.