Abin da gasar hokin ƙanƙara ta Hockey East ta koya wa ɗalibin ƙididdiga

A ajin ƙididdiga, abu na farko da ake cusa wa ɗalibi shi ne kada ya yanke hukunci da gwaji ɗaya. Sai ya tara alƙaluma masu yawa, ya tace, ya ware abin da sa'a ta kawo daga abin da ƙwarewa ta kawo. To lokacin da nake karatun digiri na biyu a Boston, aikin wucin gadin da na samu ya kai ni wurin da ake yin akasin haka da gangan: a kwashe wata biyar ana wasa, sannan a ce kofi na wanda ya tsallake dare uku ko huɗu ne. Aikina shi ne in zauna a ɗakin 'yan jarida can saman fili, ina rubuta duk bugun da aka kai wa raga: wa ya buga, daga wane ɓangare, a minti na nawa, gola ya tare ko ta shiga.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, kowace ƙungiya mutum shida take sakawa a kan ƙanƙara, biyar da gola, suna sulɓi da takalma masu ƙarfe a ƙasa. Ƙwallon ba mulmulalliya ba ce, ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don ya rage tsalle. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika minti ɗaya a ciki sai ya fita wani ya shiga, wasa na tafiya ba a tsaya ba. Wannan canji shi ne ya fi wahalar da mai rubutu, domin kafin ka tabbatar da lambar rigar wanda ya buga, ya riga ya tsallake katanga ya zauna a benci.

Rukunin da na yi wa aiki a wasanninsa shi ne Hockey East, wanda ya fara wasa a 1984. Jami'o'i 11 ne a ɓangaren maza, duk a arewa maso gabashin Amurka: Boston College, Boston University, Northeastern, Providence, Maine, New Hampshire, Vermont, UConn, Merrimack, UMass da UMass Lowell. Daga Oktoba zuwa farkon Maris kowacce tana buga wasa 24 na rukuni. Sai a shiga gasar kofin Lamoriello, mai sunan Lou Lamoriello, shugaban rukunin na farko. Kowa yana shiga, har ta ƙarshe a teburi. Biyar na sama suna hutawa a zagayen farko, shida na ƙasa su fafata. Wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe kuma a filin TD Garden da ke Boston ake yin su, gidan ƙungiyar ƙwararru ta Boston Bruins. A da, zagayen kwata fainal wasa uku ne, wanda ya ci biyu ya wuce. Tun daga 2021 aka mayar da komai sili ɗaya ƙwale.

Abin da ya sa wannan ya zama babban al'amari lissafi ne mai sauƙi. A wasa ɗaya ana kai wa gola bugu kusan 30. Gola mai kyau yana tare kashi 92 cikin 100, wato a matsakaici ƙwallo biyu da 'yan kai ke shiga ragarsa. Ranar da ya tashi da sa'a ya tare kashi 97, ɗaya ce za ta shiga. Tazarar da ke tsakanin dare na yau da kullum da daren da ake ba da labari bugu ɗaya ne ko biyu, wataƙila ɗaya ya daki ƙarfen raga ya dawo, ɗaya ya goge takalmin wani ya kauce. A wasa 24 irin waɗannan suna wanke juna. A wasa ɗaya babu abin da zai wanke su.

A Maris na 2025 na ga haka da idona. Boston College ce ta ƙare kakar a saman teburi, da 'yan wasa irin su Ryan Leonard da Gabe Perreault da James Hagens, ga gola Jacob Fowler. Northeastern ita ce ta tara a teburin. Ta je har gidan Boston College a kwata fainal ta doke ta 3-1. Duk ma'aunin da muke da shi yana nuna wacce ta fi ƙarfi, kuma ma'aunin bai yi ƙarya ba. Amma akwai abin da ba shi da gurbi a takardata, wato abin da kowace ƙungiya ke nema a daren. Gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ƙungiyoyi 16 take ɗauka. Shida su ne waɗanda suka ci kofin rukunoni shida, sauran goman kuma a lokacin ana zaɓo su ne da wani tsarin lissafi mai suna PairWise, wanda ke kwatanta sakamakon kakar gaba ɗaya. Boston College, ci ko faɗuwa, kujerarta na nan, har ma ita aka ba lamba ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Northeastern kuwa ba ta da wata ƙofa sai kofin. Ba na cewa wannan ne ya yanke wasan, don ba ni da hanyar auna shi. Ina dai cewa mai nazarin da ya ɗauka ƙungiyoyin biyu jarrabawa ɗaya suke rubutawa bai karanta takardar tambayoyin ba.

A ɗakin namu ana yawan gardama kan ko wannan tsari adalci ne. Wasu na ganin wasa uku ya fi, domin yana ba wa ƙwarewa damar bayyana. Gaskiyarsu ta fuskar lissafi. Ni dai na tsaya a kan cewa tambayoyi biyu ne daban, kuma rukunin yana da amsa ga kowacce. Wa ya fi iya wasa a bana? Teburin kaka ya amsa, akwai ma kambun da ake bayarwa a kansa. Wa zai iya cin wasa uku ko huɗu a jere ba tare da tuntuɓe ba? Kofin ya amsa. Matsala na tasowa ne idan aka ɗauki amsar ta biyu aka liƙa wa ta farko, kuma 'yan kallo da masu sharhi suna yin haka duk shekara.

Tarihin rukunin cike yake da misalai ta ɓangarorin biyu. Northeastern a kakar 2015-16 wasa ɗaya kacal ta ci a cikin 14 na farko, amma a Maris ta ɗaga kofin bayan ta doke UMass Lowell 3-2, karo na farko tun 1988. Shekara ɗaya kafin nan, New Hampshire ta fitar da Providence tun a kwata fainal. Providence ta samu shiga gasar ƙasa da ƙyar ta hanyar lissafin, ta tafi ta ci kofin ƙasa, a TD Garden ɗin kuma, inda ta doke Boston University 4-3.

Sai kuma ƙarin lokaci, wanda shi ne ya koya min wani abu game da aikin kansa. A wasannin kofi babu canjaras. Idan minti 60 ta cika ana kunnen doki, sai a gyara ƙanƙara a ƙara minti 20, wanda ya fara ci shi ke nan. In ba a ci ba a sake ƙarawa, babu iyaka. Ranar 6 ga Maris 2015, lokacin da Notre Dame take cikin rukunin, ita da UMass sai da suka shiga ƙari na biyar. Minti 151 da daƙiƙa 42 aka yi, golan Notre Dame, Cal Petersen, ya tare bugu 87 amma duk da haka aka ci su 4-3. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a lokacin wasa uku ake yi, kuma Notre Dame ce ta ci biyun da suka biyo baya ta wuce. Da a tsarin yau ne, da UMass ce ta wuce. Ƙungiyoyi ɗaya, 'yan wasa ɗaya, doka ce kawai ta bambanta.

Wasan kusa da na ƙarshe na 2025 tsakanin Maine da Northeastern ma sai da ya kai ƙari na biyu kafin Maine ta ci 4-3. Watan azumi ne, na sha ruwa da dabino a kan teburin aiki, idona na kan fili. A irin wannan lokaci ne hannu ke mutuwa, lambobin riguna su riƙa haɗewa, alhali kuwa bugun da kowa zai tambaya gobe bai zo ba tukuna. Waɗanda suka daɗe a aikin suna da ɗabi'ar da na kwaikwaya: a kowane hutu sai mutum biyu su haɗa takardunsu su daidaita, ba a bari sai an tashi. Masu rubuta labari kuma kan shirya buɗewa biyu tun kafin ƙarin lokaci, ɗaya idan wannan ta ci, ɗaya idan waccan. Yanzu a ofis, idan aka ba ni alƙaluma aka ce in faɗi wane reshe ya fi ƙoƙari, nakan fara tambaya ko na shekara ake nufi ko na watan da aka sa gasa, kuma ba na jira sai ƙarshen aiki kafin wani ya duba lissafina.

Maine ce ta ɗauki kofin a shekarar, ta doke UConn 5-2, karo na farko tun 2004. Mako ɗaya bayan haka Penn State ta fitar da ita a wasan farko na gasar ƙasa da ci 5-1. Boston College ta faɗi a hannun Denver a zagaye na biyu. Boston University, wadda UConn ta kora tun a wasan kusa da na ƙarshe a TD Garden, ita ce ta kai wasan ƙarshe na ƙasa, inda Western Michigan ta doke ta 6-2.