Buhun toka zuwa Damagaram

Daga Kano zuwa Damagaram tafiyar kilomita kusan 240 ce: Kazaure, Daura, a ƙetare iyaka a Kongolam, a shiga Nijar ta Ɗan Barto. A nan jami'in duwan, wato kwastan, ya kwance bakin buhun da na ɗauko, ya damƙi abin da ke ciki ya murza. Tsakuwa ce baƙa mai ratsin ja, ba nauyi, jikinta duk ƙananan ramuka. Ya tambaya ko taki ne. Na ce tokar dutse mai aman wuta ce, wani direba ya kawo mini daga Kamaru, inda masu siminti ke haɗa ta a cikin kayansu, kuma gini zan gwada da ita. Ya ɗaure buhun ya yi mana fatan sauka lafiya.

Matameye da Kance da Takeita duk a guje muka wuce su. Sai la'asar manyan duwatsun Damagaram suka bayyana, wani kan wani, gidaje sun kewaye su.

Katangar gidan kawuna da ke Birni ce ta kawo ni. Birni ita ce tsohuwar unguwa, inda fadar Sarkin Damagaram take, a garin da ya riƙe hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Gidan na tubali ne, da zankaye da zanen ado a fuskar zaure. Shekarun baya an yi masa filastar siminti don a huta da yaɓen kowace shekara. Da safe wani dattijon magini, wanda tun kakanni danginsa ke yi wa gidan aiki, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, sai ya yi amo irin na ƙwaryar da aka kife. Ya sa cokalin gini ya ɓamɓaro falle guda. Ƙasar da ke baya ta ruɓe, tana zubowa, ga farin gishiri ya yi layi daga ƙasa har gwiwa.

Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin da kyakkyawar niyya aka yi wannan ɓarnar. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Siminti kuwa ya toshe hanyar fita, ga tauri, ba ya motsi tare da bangon. Da ya tsage, ruwa ya shiga, shi ke nan ya samu wurin zama.

Na zazzage buhuna a kan tabarma. Dattijon ya duba ya ce, "Ɗana, wannan ai gawayin dutse ne. Me zai riƙe?"

Na ce, "Baba, ita kaɗai ba ta riƙe komai. Ko an jiƙa ta shekara, tsakuwa ce. Amma a daka ta ta yi laushi, a haɗa da ƙonanniyar farar ƙasa da aka jiƙa, sai sinadarin silika da ke cikinta ya kama farar ƙasar, su zama dutse, ko a cikin ruwa ne."

Bai yi mamaki ba. Ya ce ai su ma laso haka yake: katsi daga karofi, a ƙone shi, a sa gashin jima da dafara, a shafe rufin soro, ruwa ya bi indararo ya tafi. Ba haɗi ɗaya ba ne, amma na ga ya riga ni sanin cewa wuta tana sauya halin ƙasa.

Fozolana ake kiran wannan toka, daga garin Fotsuwoli kusa da Napoli a Italiya. Rumawa sun yi ta haɗa kashi 2 nata da kashi 1 na farar ƙasa su gina tashoshin jiragen ruwa a cikin teku. Ƙubbar Fantiyon, tsohon gidan bauta a birnin Rum, mai faɗin mita 43, an gama ta wajen shekara ta 126, babu rodi ko ɗaya a cikinta, kuma tana nan tsaye. Da aka zo haƙa mashigin Suwez, wanda aka buɗe a 1869, tokar tsibirin Santorini na ƙasar Girka aka yi ta dakonta zuwa can. A kankare na zamani ma tana da gurbi: ana rage siminti a cike da ita, kankaren ya rage zafi lokacin daskarewa, ƙofofinsa su toshe, ya fi jure gishiri. Ga sauƙi kuma, tunda shi siminti sai an ƙona dutsensa a zafin digiri 1,450, ita kuwa dutse mai aman wuta ya riga ya ƙona ta.

Muka sa yara suka daka a turmi, muka tankaɗe da rariya. Farar ƙasar daga kasuwar Dole muka sayo, kuma sai da muka tabbatar ƙonanniya ce, don ɗanya ba ta kama tokar. Muka kankare simintin daga kamu biyu na bango, muka gyara ƙasar, muka yayyafa ruwa, muka shafa.

A nan wahalar Damagaram ta fito. Wannan haɗi ba ya son gaggawa. Abin da siminti ke yi a kwana 28, shi yakan nemi 90, kuma dole ya zauna da laima makonnin farko. Idan ya bushe da wuri, gari zai koma. To Damagaram gari ne da jarkar ruwa ke da daraja, ga rana, ga iskar hunturu mai tsotse komai. Matar kawu ce ta kawo dabarar rataya buhunan algarara a jiƙe, a riƙa yayyafa musu ruwan alwala da aka tara safe da yamma. Dattijon ya ce in za a yi gidan duka, a bari sai ƙarshen damina.

Wani maƙwabci ya nuna duwatsun bayan gida ya ce, ga dutse nan a banza, a niƙa mana. Na ce masa waɗannan a hankali suka huce a ƙarƙashin ƙasa, garinsu yashi ne kawai. Wadda ke aiki ita ce wadda ta fito da wuta ta huce nan take. Ko ita ma ba kowacce ba, sai an gwada.

Dakon toka daga Kamaru zuwa nan kuwa zai cinye ribar. Shi ya sa kafin in juyo na leƙa Mirya, garin masu tukwane, kilomita 18 gabas da Damagaram. Bayan wurin gashi na tarar da tulin fasassun tuluna da randuna. Gasasshen yumɓu idan an niƙa shi yana kama farar ƙasa kamar yadda tokar ke yi, kuma Rumawa da shi suke shafe tafkunan wanka da ma'ajiyar ruwa. Na sayi buhu daga hannun wata tsohuwa, muka shafa kamu biyu kusa da na farko. Dattijon zai riƙa gwada su da ƙusa duk Juma'a, wanda ya fi riƙe bango bayan damina shi za a yi wa gidan.