Saurin daskarewar jini na gado: inda haɗarin yake, da abin da ya kamata a kiyaye

Ciwon jini na gado da aka fi sani a wajenmu shi ne sikila, sai kuma wanda jini ke ƙin tsayawa bayan kaciya ko cire haƙori. Akwai na uku da ba a cika maganarsa ba, shi ne jinin da ke saurin daskarewa a cikin jijiya ba tare da an ji rauni ba. Mai shi yana iya shekara 40 lafiya ƙalau, rana ɗaya ƙafa guda ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, gadon shi kaɗai ba kasafai yake kayar da mutum ba. Sai ya haɗu da wani dalili, kamar ciki, jego, tiyata, karaya, doguwar tafiya ko ƙwayar tazarar haihuwa. Waɗannan lokutan kuwa sanannu ne, ana iya shirya musu.

Hanta ce ke haɗa yawancin sinadaran daskarar da jini. Idan jijiya ta fashe, sai su tayar da juna ɗaya bayan ɗaya, har a samar da wani zare mai kama ƙwayoyin jini ya toshe wurin. Aikin yana da birki, domin da babu shi da gudan jinin ya ci gaba da girma har ya cika jijiyar. Birkin nan sinadarai uku ne: furotin C, furotin S da antitirombin. Yawancin nau'o'in wannan lalura matsalar birki ce, ko dai ya yi ƙaranci, ko kuma yana nan amma ba ya kamawa.

Wanda ya fi yawa a duniya shi ne Fakta 5 Laidin, a takardar asibiti za a ga an rubuta Factor V Leiden. A 1993 Björn Dahlbäck na ƙasar Suwidin ya lura da wani dangi da jininsu ba ya jin umarnin furotin C. A 1994 Rogier Bertina da abokan aikinsa a birnin Laidin na Holan suka gano dalilin: harafi ɗaya tak ne ya sauya a ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin daskarar da jini na 5, wato Fakta 5. Furotin C yana kashe wannan sinadari ne ta hanyar yanka shi a wasu gurabe uku, kuma sauyin ya faɗa daidai kan gurbin da ake fara yankan. Saboda haka kashe shi yana ɗaukar lokaci kusan ninki 10, jini kuma ya ci gaba da daskarewa bayan an gama buƙata.

Kusan mutum 5 cikin 100 na Turawa suna ɗauke da shi, a Labanan ma ya fi haka yawa. A Afirka ta Yamma kuwa da wuya a same shi, haka nan ɗan'uwansa da aka gano a 1996, mai sa jiki ya haɗa wani sinadarin daskarar da jini, furotirombin, fiye da kima. Wannan yana da muhimmanci ga Bahaushe: idan an yi maka gwajin Laidin ya fito babu, ba a wanke ka daga gadon ba. Ƙarancin furotin C, furotin S da antitirombin ba su bar kowace al'umma ba, kuma sun fi Laidin tsanani ko da yake sun fi shi ƙaranci. Ƙarancin antitirombin, wanda Olav Egeberg ya fara bayyanawa a Norwe a 1965, shi ya fi duka haɗari, kusan rabin masu shi suna samun gudan jini kafin su kai shekara 50. Sikila ma tana sa jini saurin daskarewa, kuma masu AS suna da ɗan ƙarin haɗarin gudan jini a huhu.

Lissafin gadon irin wanda muka sani ne a sikila, da bambanci ɗaya: a nan kwafi guda, wato gadon ɓangare ɗaya kawai, ya isa ya ɗaga haɗari. Idan uba ko uwa na ɗauke da kwafi ɗaya, kowane ciki yana da rabin yiwuwar gada. Idan dukkansu biyu suna da shi, abin da auren zumunci ke sauƙaƙawa, to ɗaya cikin huɗu zai iya gadar biyu. Jaririn da ya gaji ƙarancin furotin C daga ɓangarorin biyu yakan fito da baƙaƙen tabo a fata cikin kwanakin farko, wannan kuma na gaggawa ne.

A cikin jama'a, mutum 1 zuwa 2 cikin 1,000 ne ke samun gudan jini a jijiya kowace shekara, yawancinsu masu manyan shekaru. Kwafi ɗaya na Laidin yana ninka wannan kusan sau 4 zuwa 5, kwafi biyu ya haura ninki 10. Jin kalmar ninki yana tayar da hankali, amma kusan 9 cikin 10 na masu kwafi ɗaya suna gama rayuwarsu ba su taɓa samun komai ba. Haɗuwa da wani dalilin ce ke sauya lissafi. Binciken da aka yi a Laidin a 1994 kan mata masu shekarun haihuwa ya nuna kusan mace 1 cikin 10,000 a shekara idan babu gadon kuma ba ta shan ƙwaya, amma kusan 28 cikin 10,000 idan gadon da ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin, wani sinadarin jikin mace, suka haɗu.

Gudan yakan fara ne a manyan jijiyoyin cikin ƙafa, masu mayar da jini zuwa zuciya. Ƙafa ɗaya ce ke kumbura, ta yi ɗumi, sha-raɓa ya yi tauri da ciwo kamar jijiya ta riƙe, fata ta ƙara duhu ko ta yi sheƙi. A ɗauki tef ɗin tela, a auna santimita 10 ƙasa da ƙashin da ya ɗan turo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, a zagaye ƙafafun biyu a wannan wurin. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin zuwa asibiti ne a ranar. Kumburin ƙafa biyu daidai wa daida ya fi nuna zuciya, ƙoda ko nauyin ciki. A mai juna biyu, gudan ya fi kama ƙafar hagu, kuma yakan zauna can sama wajen matsematsi.

Abin da ke kisa shi ne gudan ya ɓalle, ya bi ta zuciya ya toshe jijiyar huhu. Alamunsa: haki ba gaira ba dalili, ciwon ƙirji da ke ƙaruwa idan an ja numfashi, bugun zuciya sama da 100 a minti, tari da jini, ko suma. Sau da yawa ana ɗaukarsa limoniya ko asma, a yi kwanaki ana shan maganin da ba nasa ba. Akwai kuma wanda ke kama jijiyoyin kai, ya zo da matsanancin ciwon kai mai ƙaruwa kullum, da gani dishi-dishi ko jijjiga, musamman ga mai jego.

A nan ina roƙon abu ɗaya: kumburarriyar ƙafa guda kada a yi mata tausa, kada a murza, kada a kai wa wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Gudan yana can cikin babbar jijiya, ƙaho ba ya isa wurin, murza kuma na iya ɓallo shi. Abin da ke tabbatar da shi hoton jijiyar ƙafa ne da na'urar sikanin, na huhu kuma hoton CT da allurar rini. Awon jini na D-dimer, mai nuna ɓurɓushin gudan jini, yana da amfani ne idan ya fito ƙasa ga wanda zarginsa ba shi da ƙarfi. Idan ya hau ba ya tabbatar da komai, don ciki, maleriya, sikila da tiyata duk suna ɗaga shi.

Wa ya kamata a yi wa gwajin gadon? Wanda ya samu gudan jini kafin shekara 50 ba tare da wani dalili bayyananne ba, wanda ya maimaita masa, wanda ya same shi a wurin da ba a saba ba kamar kai ko hanji, da wanda iyayensa ko 'yan'uwansa na jini suka samu da ƙuruciya. Gwajin Laidin na ƙwayar gado ne, sau ɗaya ake yinsa, magani ba ya sauya shi. Furotin C, furotin S da antitirombin kuwa yawansu ake aunawa a jini, kuma nan ake yawan yin kuskure. Sabon gudan jini yana cinye su duka, su fito ƙasa. Cikin magungunan tsinka jini, warfarin na rage furotin C da S, heparin na rage antitirombin, ciki da ƙwayar istirojin na rage furotin S, ciwon hanta na rage dukkansu. Matar da aka auna tana da ciki aka ce mata tana da ƙarancin furotin S, wataƙila lafiyarta lau. Daidai shi ne a auna bayan an gama magani, aƙalla mako 2 da barin warfarin bisa umarnin likita, ko bayan mako 6 da haihuwa, sannan a maimaita kafin a ɗora wa mutum sunan ciwo.

Wanda aka samu da kwafi ɗaya kuma bai taɓa samun gudan jini ba, ba a ɗora shi kan maganin tsinka jini na dindindin. Haɗarin zubar jini daga maganin ya fi wanda ake gudu. Asfirin ma ba ya maye gurbinsa. Abin da ake yi shi ne rigakafi a lokutan haɗari. Kafin kowace tiyata a faɗa wa likita, akan ba da allurar tsinka jini ta enoxaparin miligiram 40 sau ɗaya a rana a ƙarƙashin fatar ciki, a kuma tashi a taka da wuri. Karayar ƙafa, a asibiti aka sa siminti ko mai ɗori ne ya ɗaure, tana hana tsokar sha-raɓa matsa jini zuwa sama, don haka ita ma a tambayi likita kan rigakafi.

Tafiyar da ta wuce awa 4 a zaune tana ninka haɗari kusan sau biyu, kuma jirgin Kano zuwa Jidda ya haura haka, balle motar dare zuwa Legas. A nemi kujerar gefen hanya, a miƙe duk bayan awa ɗaya ko biyu, a riƙa ɗaga diddige da yatsun ƙafa a zaune, a sha ruwa, a guji maganin barci, a sa safar matsi ta asibiti mai kaiwa ƙasan gwiwa. Ga hajiyoyi akwai ƙarin magana. Ƙwayar ɗage al'ada ta norethisterone, wadda ake sha miligiram 5 sau uku a rana saboda aikin Hajji ko azumi, jiki yana mayar da wani ɓangarenta istirojin. Mace mai wannan gado kada ta saye ta a kemis ta haɗa da dogon zama a jirgi da zafin Makka, ta fara ganin likita.

A tazarar haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana duk hanyar da ke da istirojin ga macen da aka tabbatar tana da gadon. Robar mahaifa, ashanar hannu da ƙwaya mai furojestin zalla, wato mara istirojin, su ne zaɓi. Allurar wata uku akwai alamar tana ɗan ƙara haɗari, ni ba zan sa ta a gaba ba in akwai sauran.

Ciki yana ninka haɗarin ga kowace mace, amma makonni 6 na bayan haihuwa sun fi cikin kansa, wato daidai kwanakin da ake cewa mai jego ta zauna a ɗaki ta huta. Ta huta ɗin, amma ta riƙa takawa kullum, kuma hakin mai jego ba abin jira ba ne sai an yi arba'in. Macen da ta taɓa samun gudan jini, ko mai kwafi biyu, ko mai ƙarancin antitirombin, yawanci ana ba ta allura tun cikin ciki har mako 6 bayan haihuwa. Enoxaparin ba ya ratsa mabiyiya. Warfarin yana ratsawa, yana kuma lalata halittar ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, amma ba shi da illa ga mai shayarwa. Da naƙuda ta fara a dakatar da allurar, a gaya wa masu karɓar haihuwa lokacin da aka yi ta ƙarshe, domin allurar kashe zafi ta gadon baya tana buƙatar tazarar awa 12 bayan ta rigakafi, awa 24 bayan ta magani.

Idan gudan ya riga ya samu, magani wata 3 ne mafi ƙaranci. Rivaroxaban ana fara shi da miligiram 15 sau biyu a rana har kwana 21, sannan 20 sau ɗaya, kuma dole da abinci, in ba haka ba hanji ba ya tsotse shi sosai. Apixaban miligiram 10 sau biyu a rana na kwana 7, sannan 5 sau biyu. Duka biyun ba na mai ciki ko mai shayarwa ba ne, kuma sai an duba ƙoda. Warfarin ya fi araha, amma yana son awon INR, wato na saurin daskarewar jini, a kai a kai don a tsayar da shi tsakanin 2 da 3, kuma ba a fara shi shi kaɗai. Dalili kuwa, furotin C yana raguwa a jini cikin awoyi kaɗan, wasu sinadaran daskarewa kuma suna ɗaukar kwana 2 zuwa 3 kafin su ragu da rabi, don haka a kwanakin farko warfarin na iya ƙara daskarewa. Shi ya sa ake haɗa shi da allurar heparin aƙalla kwana 5. Mai ƙarancin furotin C da aka tsallake masa wannan, fatar cinya, ɗuwawu ko nono na iya mutuwa ta yi baƙi.

Mai shan warfarin ba a hana shi alayyahu, zogale ko kabeji ba, abin da ake so kada ya ci da yawa wannan mako ya daina mako mai zuwa, don bitamin K da ke cikin ganye yana rage ƙarfin maganin. Flagyl, Septrin da fluconazole suna ƙara masa ƙarfi har jini ya ɓalle. Rifampicin na tarin fuka yana raunana shi, ya kuma raunana rivaroxaban da apixaban. Ibuprofen, diclofenac da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki na kemis suna jawo zubar jini a ciki, farasitamol ya fi aminci. Baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti 10, ko buguwa a kai ko da ba a ga rauni ba, duk na zuwa asibiti ne nan take.

Bayan wata 3 sai a zauna da likita a yanke shawara. Idan tiyata ko karaya ce ta jawo, kuma kwafi ɗaya ne na Laidin, galibi ana dainawa, don yana ƙara yiwuwar dawowa kaɗan ne kawai. Idan ya zo haka kawai, ko ya maimaita, ko antitirombin ne, akan ci gaba ba tare da sa ranar dainawa ba. Yara ƙanana marasa alama ba a gaggawar gwada su. 'Ya'ya mata da ƙanne mata kuwa ya kamata a sanar da su tarihin gidan kafin aure, domin ranar da za a miƙa musu ƙwayar tazara ko su je awon ciki na farko su san abin da za su faɗa wa ma'aikaciyar lafiya.